Me Ya Sa Bariyabul Ke Ɓacewa Bayan Sikirif Ɗin Shiga Ya Gama Aiki?

A ma'aikatu da jami'o'i da bankunan da kwamfutocinsu ke haɗe a netwok guda, da zarar ma'aikaci ya rubuta sunansa da kalmar sirrinsa, akwai wani ɗan fayil na umarni da ke tashi ya yi aiki da kansa. Shi ne sikirif ɗin shiga. Shi ke haɗa kwamfutar da foldar sashen da ma'aikacin yake, ya zaɓa masa firinta, ya shirya masa hanyoyin da manhajoji za su bi su sami fayilolinsu. Domin ya yi wannan aiki, yana dogara da bariyabul na muhalli, wato sunaye masu ɗauke da ɗan bayani, kamar USERNAME da ke ɗauke da sunan mai shiga, ko PATH da ke ɗauke da jerin foldojin da ake neman manhajoji a cikinsu. Ƙorafin masu kula da netwok a kan waɗannan sunaye ya daɗe: an rubuta layi, an gwada da hannu ya yi aiki, amma a lokacin shiga ya ƙi, ko kuma sikirif ya saka bariyabul, ya gama, manhajar da aka saka shi dominta ta buɗe ba ta gan shi ba, ko ya yi daidai a Windows ya watse a Linux. Ra'ayina shi ne duk waɗannan matsaloli tushensu ɗaya. Bariyabul mallakar manhajar da ke gudana ce, ana gadonsa daga sama zuwa ƙasa sau ɗaya tak, kuma bambancin da ke tsakanin manyan manhajoji irin su Windows da Linux ya tsaya ne a kan matsayin da kowace ta ba sikirif ɗin a cikin wannan jerin gado.

Tsarin da ake amfani da shi a yau ya bayyana ne a Unix bugu na 7 a shekarar 1979, sannan DOS ta ɗauke shi a bugu na 2.0 a 1983, daga nan ya shiga Windows. Ƙa'idarsa ba ta canza ba. Kowace manhaja da aka tayar tana zama furoses, kuma kowane furoses yana da mahaifi, wato furoses ɗin da ya tayar da shi. A daidai lokacin da ake tayar da ɗa, mahaifin yana kwafe masa jerin bariyabul ɗinsa ya miƙa masa. Abin ya yi kama da guzurin da uba ke ɗaure wa ɗansa ranar tafiya: abin da ɗan ya ƙara a jakarsa a hanya ba ya komawa jakar uban, abin da uban ya saya bayan ɗan ya tafi kuma ba ya zuwa jakar ɗan. Saboda haka babu wani wuri guda da ake kira muhallin kwamfuta wanda kowa ke kallo. Idan furoses ɗari ke gudana, to muhalli ɗari ne, kuma suna iya saɓa wa juna ba tare da ɗaya ya yi kuskure ba. Wanda ya riƙe wannan ƙa'ida zai ga tambayoyi uku sun ishe shi bincike a kowace babbar manhaja: wa ya tayar da sikirif ɗin, da sunan wa yake gudana, kuma shin manhajojin da ma'aikaci zai buɗe daga baya zuriyarsa ne ko ba zuriyarsa ba ne.

Tarihi ya nuna inda aka samo zaton cewa sikirif zai iya saka bariyabul ya zauna daram. A zamanin DOS, fayil ɗin AUTOEXEC.BAT yana gudana ne a cikin babban COMMAND.COM kansa, wanda shi ne kakan duk wata manhaja da za a buɗe a wannan zama. Duk abin da umarnin SET ya rubuta a nan, kowa zai gada. Damuwar wancan lokaci ita ce ƙarancin wuri, domin a DOS 5 da 6 muhallin yana farawa ne da bayit 256 kacal, sai an faɗaɗa shi a CONFIG.SYS, kuma iyakarsa bayit 32,768. Kamfanin Novell, wanda tsarinsa na NetWare ya mamaye ofisoshi a ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, ya ƙara ƙarfafa wannan zato. Manhajar LOGIN.EXE ɗa ce ga COMMAND.COM, don haka bisa ƙa'ida bai kamata ta iya taɓa muhallin mahaifinta ba. To amma DOS ba ta da shinge tsakanin ƙwaƙwalwar furoses ɗaya da ta wani, sai LOGIN ta lalubo inda babban muhallin yake ta rubuta a ciki kai tsaye. NetWare kuma tana da nata sunaye na daban, irin su LOGIN_NAME da STATION da GREETING_TIME, waɗanda manhajar LOGIN kaɗai ta san su, kuma suna ƙarewa da zarar ta gama. Masu kula da netwok da suka koyi aiki a wannan zamani sun saba da abin da rashin shinge ya ba su dama, suka ɗauka haka ƙa'idar take.

Zuwan Windows NT a 1993 da Windows 95 bayan shekara biyu ya tona wannan bambanci. Ofis guda yana iya samun kwamfutoci iri biyu suna ɗaukar sikirif guda daga foldar NETLOGON ta uwar garke. A kan NT, sikirif zai tarar da USERNAME da USERDOMAIN da LOGONSERVER da COMPUTERNAME a shirye. A kan Windows 95 da 98 kuwa babu USERNAME kwata-kwata, don haka layin da ke haɗa mutum da foldarsa ta hanyar sunansa sai ya koma neman foldar da ba ta da suna. Bugu da ƙari, sikirif ɗin yana gudana ne a wata tagar DOS ta wucin gadi, tana rufewa abin da SET ya saka ya tafi da ita. Wannan ya sa Microsoft ta sanya wata ƙaramar manhaja mai suna WINSET a faifan Windows 95 domin rubuta bariyabul a babban muhalli, mutane da yawa kuma suka koma ga KiXtart, harshen sikirif da Ruud van Velsen na reshen Microsoft a Holan ya rubuta, wanda ke tambayar netwok sunan mai shiga da rukuninsa kai tsaye. Daga wannan zamani aka gaji al'adar duba bariyabul ɗin OS a farkon sikirif: idan ya ce Windows_NT a bi hanya ɗaya, idan babu komai a bi ɗaya. Har yau a Windows 10 da 11 amsar da OS ke bayarwa ita ce Windows_NT, don haka ba ya bambanta bugu da bugu, kuma sikirif ɗin da ke son sanin bugun da yake kai dole ya nemi wata hanya.

A dangin NT, wanda duk Windows na yau suka fito daga cikinsa, ana gina muhallin mai shiga ne daga rajista, wato ma'ajiyar saitunan Windows. Akwai sashen kwamfuta gaba ɗaya, wanda ke ƙarƙashin Session Manager, akwai sashen Environment na asusun mutum, sannan akwai Volatile Environment da ake cikawa a kowace shiga da abubuwa irin su LOGONSERVER da HOMEDRIVE da HOMEPATH. Idan suna ɗaya ya zo a wuri biyu, na mutum ne ke rinjaye, sai irin su PATH da ake haɗawa, na kwamfuta a gaba na mutum a baya. Da wannan muhalli Winlogon, manhajar da ke karɓar shiga, ke tayar da userinit.exe, shi kuma ya tayar da Explorer, wanda daga gare shi mafi yawan manhajojin da ma'aikaci zai buɗe ke fitowa. Sikirif ɗin da aka rubuta a asusun mutum yana tashi ta hannun userinit, na Group Policy, wato dokokin da mai kula da netwok ke tura wa kwamfutoci, kuma ta hannun gpscript.exe. Ko ta wace hanya ya zo, sikirif ɗin ba mahaifin Explorer ba ne, reshe ne na gefe. Shi ya sa SET a cikinsa ba ya isa ga Word ko manhajar lissafin kuɗi. Babu abin da ya lalace a nan. Tsarin ya yi abin da aka gina shi ya yi. Hanyar da ta rage ita ce a rubuta a rajista, sannan a aika saƙon WM_SETTINGCHANGE ga tagogin da ke buɗe. Explorer yana sauraron wannan saƙo ya sabunta nasa muhallin, amma galibin manhajojin da suka riga suka tashi ba sa kula shi.

A nan ne lokaci ke shigowa, kuma shi ne ɓangaren da aka fi rainawa. Bisa tsarin asali, Windows ba ta jiran sikirif ɗin shiga ya gama kafin ta buɗe fuskar kwamfuta, sai an kunna dokar da ke tilasta jiran. Daga Windows 8.1 da Server 2012 R2, waɗanda suka fito a 2013, an ma sanya jinkirin minti biyar kafin sikirif ɗin Group Policy ya fara, domin kada ya yi gogayya da sauran ayyuka a kan faifai, sai dai mai kula da netwok ya rage jinkirin ko ya cire shi. Ke nan ma'aikacin da ya buɗe manhajarsa a minti na farko da wanda ya buɗe a minti na goma suna iya samun muhalli daban a kwamfuta iri ɗaya. Sunan da sikirif ke gudana da shi ma yana sauya amsa. Sikirif ɗin kunna kwamfuta, wanda Windows 2000 ta kawo tare da Group Policy, yana gudana da asusun SYSTEM kafin kowa ya shiga, don haka USERPROFILE a wurinsa yana nuni ne ga wata folda a cikin system32, ba foldar wani ma'aikaci ba. Haka nan furoses mai bit 32 a kan Windows mai bit 64 zai ga PROCESSOR_ARCHITECTURE ya ce x86, ProgramFiles kuma ya kai shi foldar manhajoji masu bit 32, alhali furoses mai bit 64 da ke gefensa yana ganin AMD64. A Remote Desktop kuwa, CLIENTNAME yana ɗauke da sunan na'urar da mutum ya shigo daga gare ta. Idan ya katse ya dawo daga wata na'ura, rajista za ta sabunta, amma manhajojin da ya bari a buɗe suna riƙe da tsohon suna, sai takarda ta fita a firintar ofishin da ya baro.

Unix da Linux sun ɗauki wata hanya, kuma kallonta na ƙara tabbatar da ƙa'idar. Idan mutum ya shiga ta tagar rubutu ko ta SSH, ana tayar masa da shel, wato manhajar da ke karɓar umarni, kuma shel ɗin da kansa yake karanta fayilolin /etc/profile da .profile ko .bash_profile layi bayan layi a cikin jikinsa, ba tare da ya haifi wani furoses ba. Tun da shi ne mahaifin duk abin da za a buɗe a wannan zama, abin da aka saka a nan yana isa ga kowa, matuƙar an yi masa export. Wanda ba a yi wa ba yana tsayawa a shel ɗin, 'ya'yansa ba sa gado. Amma da zarar mai kula da netwok ya ware umarninsa a wani fayil ya kira shi kamar manhaja, maimakon ya sa shel ya karanta shi da ɗigo ko da umarnin source, sai matsalar Windows ta dawo daidai da yadda take: an haifi ɗa, ya saka bariyabul, ya mutu da shi. Sannan ba kowane shel ne na shiga ba. Bash yana karanta .bashrc ne idan an buɗe sabuwar taga bayan an riga an shiga. Umarnin da aka aika ta SSH ba tare da buɗe zama ba ba ya bi ta /etc/profile. Cron yana tayar da ayyukansa da ɗan taƙaitaccen muhalli, PATH ɗinsa bai wuce /usr/bin da /bin ba a yawancin tsare-tsare. Sudo kuma yana share mafi yawan bariyabul kafin ya miƙa iko, saboda tsaro.

Fuskar hoto ta ƙara rikita lamarin, domin manhajar da aka latsa da linzami ba lallai ta fito daga shel ba. A Linux wasu manhajojin karɓar shiga suna karanta .profile, wasu ba sa karantawa, shi ya sa aka samar da wurare da ke sama da shel. Sashen pam_env na tsarin tantancewa na PAM yana karanta /etc/environment a lokacin da ake tantance mutum, ko ta wace ƙofa ya shigo. Sai dai wannan fayil jerin suna da ƙima ne kawai, ba sikirif ba ne. Wanda ya rubuta $PATH a cikinsa yana zaton za a faɗaɗa, haruffan za su shiga yadda suke. Systemd ma yana da foldar environment.d domin ayyukan da yake tayar wa mutum. A macOS, launchd ne ke tayar da manhajojin hoto, don haka abin da aka rubuta a .zprofile ko .bash_profile yana bayyana a Terminal amma manhajar da aka buɗe daga Dock ba ta ganinsa. Apple ta yi ta sauya ƙofar: ta daina karanta environment.plist a 10.8 a 2012, ta daina karanta launchd.conf a 10.10 a 2014, sannan a Catalina a 2019 ta mayar da zsh shel na asali, wanda ke da nasa fayilolin farawa. Tsohuwar hanyar LoginHook kuwa tana gudana da asusun root ne, ana miƙa mata sunan mai shiga a matsayin ƙima ta farko da ke biye da sunan sikirif ɗin, don haka sikirif ɗin da ya tambayi muhalli ko wane ne mai shiga ba zai sami amsar da yake nema ba.

Inda uwar garke ke kan Linux kwamfutocin ma'aikata kuma ke kan Windows, Samba ke tsakiya, manhajar da Andrew Tridgell ya fara a 1992 wadda daga bugu na 4.0 a Disamban 2012 ta iya riƙe domen irin na Active Directory. A tsohon tsarinta na domen, ana rubuta sunan sikirif ɗin shiga a smb.conf da alamomi irin su %U na sunan mutum, %m na sunan kwamfutarsa, da %a na nau'in babbar manhajarsa. Waɗannan alamomi sun yi kama da bariyabul na Windows a ido, amma uwar garke ce ke cike su kafin ta gaya wa kwamfuta fayil ɗin da za ta ɗauka. Idan aka rubuta %U a cikin sikirif ɗin kansa, cmd.exe ba ta san shi ba. Abin da uwar garke ta sani ba ya tsallaka waya ya shiga muhallin kwamfuta da kansa. Netwok yana ɗauko fayil ne kawai, muhalli kuwa a kwamfutar da aka zauna ake gina shi. Ga kuma ƙaramin tarko da takardun Samba suka daɗe suna gargaɗi a kai: fayil ɗin da aka rubuta a Linux yana ƙare layi da alama ɗaya, DOS da Windows kuma da alama biyu. Sikirif ɗin batch mai ƙarshen layi irin na Unix yana iya ɓata tsalle-tsallen GOTO, sikirif ɗin shel mai ƙarshen layi irin na Windows kuma yana maƙala wata ɓoyayyar alama a ƙarshen kowace ƙima, sai hanyar folda ta ƙi buɗewa alhali a ido daidai take.

Bambancin nahawu shi ne wanda kowa ya fi gani, amma shi ya fi sauƙin magani. Windows ba ta bambanta manyan haruffa da ƙanana a sunan bariyabul, Unix tana bambantawa. Windows tana raba sassan PATH da waƙafi mai ɗigo, Unix da ɗigo biyu. Sunan mai shiga USERNAME ne a can, USER ko LOGNAME a nan. Abu ɗaya da ya cancanci a tsaya a kansa shi ne yadda ake mu'amala da bariyabul ɗin da babu shi. A fayil ɗin batch da kuma a shel, sunan da ba a saka ba yana zama fanko, sikirif ya ci gaba ba tare da ya yi ƙorafi ba. A watan Janairun 2015 an gano cewa sikirif ɗin tayar da Steam a Linux yana da layin da ke share duk abin da ke cikin foldar da STEAMROOT ya nuna. A yanayin da bariyabul ɗin ya zama fanko, umarnin ya koma share komai daga tushen faifai, duk fayil ɗin da mai kwamfutar ke da iko a kansa. Sikirif ɗin shiga da ke share fayilolin wucin gadi ta hanyar TEMP ko HOME yana fuskantar irin wannan hatsari, kuma shi a kan ɗaruruwan kwamfutoci yake gudana kowace safiya. Layi ɗaya na duba ko bariyabul yana da ƙima ya isa ya tare wannan ɓarna.

Wani zai ce ai an riga an warware matsalar, tun da akwai setx a Windows, wanda ke rubuta bariyabul a rajista ya kuma aika sanarwa. Gaskiya ne setx yana aiki, amma a duba abin da yake yi. Ba ya canza muhallin tagar da aka kira shi a cikinta, don haka layin da ke biye da shi a sikirif ɗin bai ga sabuwar ƙimar ba. Ba ya isa ga manhajar da ta riga ta tashi. Yana yanke ƙima idan ta wuce haruffa 1024, kuma wanda ya yi amfani da shi ya ƙara folda a PATH yakan kwafe haɗaɗɗen PATH na kwamfuta da na mutum ya zuba a sashen mutum, kowace shiga jerin na ƙara tsawo har ya kai inda za a datse shi. Abin da ya rubuta kuma yana zama har abada, ko da an ɗauke ma'aikacin daga sashen, sai an tuna an goge. Wannan duka yana nuna setx bai karya ƙa'idar gado ba, ya kewaye ta ne ta hanyar rubutu a ma'ajiyar da ake gina muhallin gaba daga cikinta. Idan haka ne, ya fi dacewa a rubuta a ma'ajiyar ta hanyar da aka tanada domin haka. Group Policy Preferences, da suka zo da Windows Server 2008, suna da sashen bariyabul da na haɗa faifan netwok, suna iya zaɓar wanda dokar ta shafa bisa rukuni, kuma suna iya cire abin da suka saka idan dokar ta daina shafar mutum.

Wani kuma zai ce maganin shi ne harshe guda ga kowa, tun da PowerShell yana gudana a Linux da macOS tun bugu na 6.0 a Janairun 2018, Python kuma ya daɗe yana ko'ina. Wannan hujja tana da ƙarfi ta fuskar nahawu, kuma ina goyon bayan rage yawan harsunan da ma'aikata guda ke kula da su. Amma harshe yana daidaita yadda ake rubuta tambaya ne, ba ya sauya mahaifin furoses. Sikirif ɗin PowerShell da ya saka ƙima ta $env har yanzu nasa muhallin kaɗai ya taɓa. Umarnin da ke rubuta bariyabul na dindindin a sashen mutum ko na kwamfuta yana dogara da rajista, kuma a Linux da macOS, inda babu rajista, tsarin .NET yana watsi da wannan buƙata ba tare da ya yi komai ba. Saboda haka sikirif guda ɗin dole ya rabu gida uku a daidai wurin da ake son ya haɗa kai. Abin da za a iya haɗawa shi ne shawarar, wato wane rukuni ne zai sami wace ƙima. Isar da ita kuwa sai ta ƙofar kowace babbar manhaja.

Akwai kuma dalilin tsaro da ya sa bai kamata a ɗora wa bariyabul nauyin da ya fi ƙarfinsa ba. Duk wanda ke tayar da furoses yana iya ba shi muhallin da ya ga dama, don haka USERNAME labari ne da aka faɗa wa sikirif, ba shaida ba ce. Ya isa a gina sunan folda da shi, amma izinin shiga foldar dole ya fito daga uwar garke, tambayar ko mutum ɗan wani rukuni ne kuma a yi ta ga tsarin tantancewa da umarni irin su whoami ko id. Kalmar sirri ba ta da wuri a sikirif ko a bariyabul: foldojin NETLOGON da SYSVOL duk mai asusu a domen yana iya karanta su, shi ya sa a Mayun 2014 Microsoft ta fitar da gyaran MS14-025 da ya hana ajiye kalmomin sirri a Group Policy Preferences. A Linux, root da mai furoses suna iya karanta muhallin da aka tayar da shi da shi a ƙarƙashin /proc. Masu kutse ma sun san wannan ƙofa. Ƙimar UserInitMprLogonScript a sashen Environment na mutum tana sa Windows ta gudanar da fayil a kowace shiga, kuma kundin dabarun kutse na MITRE ya lissafa ta cikin hanyoyin da ake maƙalewa a kwamfuta. Ramin Shellshock, da Stéphane Chazelas ya gano aka bayyana a Satumban 2014, ya nuna Bash na lokacin yana iya gudanar da umarnin da aka ɓoye a cikin ƙimar bariyabul ɗin da ya gada.

Hujja ta ƙarshe ita ce wai zamanin sikirif ɗin shiga ya wuce, yanzu ana sarrafa kwamfutoci ta intanet. Kayan aikin sun sauya, ƙa'idar tana nan. Sikirif ɗin da aka tura ta Microsoft Intune yana iya gudana da asusun SYSTEM ko da na mai shiga, kuma idan da SYSTEM ne, APPDATA da USERPROFILE suna kai shi wurin da ba a nufa ba, daidai da sikirif ɗin kunna kwamfuta na shekarar 2000. A Docker ana ba kwantena muhallinta ne lokacin da ake ƙirƙirar ta. A Kubernetes, idan aka sauya ƙimar da aka miƙa wa manhaja a matsayin bariyabul, manhajar ba za ta gani ba sai an sake tayar da ita. Injiniyan da ya fahimci dalilin da ya sa SET ke ɓacewa a tagar Windows 95 ya riga ya fahimci waɗannan duka.

Hukuncin da dalilan nan suka kai mu gare shi a fili yake. Sikirif ɗin shiga ya karanta bariyabul, ya tabbatar ba fanko ba ne kafin ya yi aiki da shi, kuma kada a dogara da shi wajen dasa wanda wasu manhajoji za su gada. Abin da ake son ya dawwama a ajiye shi inda babbar manhaja ke gina muhalli: rajista ta hanyar Group Policy a Windows, pam_env ko fayilolin profile a Linux, launchd a macOS. Gwaji kuma a yi shi ta ainihin hanyar shiga, da asusun ma'aikaci na gama-gari, a sa sikirif ya rubuta dukkan muhallin da ya tarar a wani fayil domin a kwatanta da abin da ake zato. Ina kira ga masu kula da netwok da malaman da ke horar da su da su koyar da gadon muhalli tsakanin furoses da ɗansa kafin su koyar da umarnin kowane harshe, domin umarni na sauyawa da kowane bugu, wannan ƙa'ida kuwa ba ta sauya ba tun 1979.